Ƙaramin Jirgi Mai Ɗaukar Hoto A Fadan Kaje: Gargaɗin Da Ya Ke Yi Da Wanda Ba Ya Yi

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure ko wani babban taro a Fadan Kaje, ko Zonkwa, ko Kafanchan a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai taɓa jin wata ƙara kamar ta taron zuma a bisa kansa ba. In ya ɗaga kai sai ya ga wani ɗan abu mai farfela huɗu ya tsaya cik a sarari, yara na ta nuna shi suna sowa. Wannan shi ne ƙaramin jirgi marar matuƙi, wanda samari ke kira duron. Masu ɗaukar hoton biki ne suka fi mallakarsa, sai kuma 'yan sha'awa da ke son ɗauko hoton dutsen Kagoro ranar bikin Afan na 1 ga Janairu, ko ruwan Matsirga yana zubowa, ko gonar citta daga sama.

Abin ba na wasa ba ne wajen kuɗi. Mafi ƙanƙanta daga cikin masu kyan ya kan ci naira dubu ɗaruruwa, wani ma ya haura miliyan. In kuwa ya faɗo ya karye, mai gyaran waya na kasuwar Kafanchan yana iya liƙa abin da ya tsinke, amma kayan gyara sai an aika Abuja ko Ikko. Saboda haka duk ranar da wani jan rubutu ya fito a fuskar wayar da a ke sarrafa shi, sai gaban mai shi ya faɗi. Wani ya danne rubutun ya tashi jirgin haka nan, domin amarya na jira. Wani kuma ya naɗe kayansa ya ce jirgi ya lalace. Dukansu biyu ba su karanta abin da aka rubuta musu ba, alhali kuwa galibin gargaɗin nan ba labarin lalacewa ya ke bayarwa ba. Magana ya ke yi a kan wurin da aka ajiye jirgin, da yadda aka kula da shi jiya da shekaranjiya.

Wa ke tuƙa shi?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa ba mai riƙe da rimot ne ke riƙe da jirgin a sama ba. Akwai wata 'yar kwamfuta a cikinsa, ita ce ke ƙara wa wannan farfela gudu ta rage wa waccan, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Shi mai rimot umurni kawai ya ke bayarwa, watau yi gaba, yi sama, juyo. Ita kuwa kwamfutar tana dogara ne da abin da wasu 'yan na'urori ke gaya mata. Akwai kamfas mai nuna mata arewa da kudu. Akwai ma'aunin karkata da ke gaya mata ko jirgin ya jirkice. Akwai ma'aunin nauyin iska wanda da shi ta ke ƙiyasta tsawon da ta kai, da na'urar GPS mai sauraron taurarin ɗan'adam, sa'an nan da wasu 'yan idanu a ƙarƙashin cikin jirgin masu duban ƙasa. Muddin bakinsu ya zo ɗaya, lafiya lau. Da zarar ɗaya ta faɗi abin da ya saɓa wa na sauran, sai kwamfutar ta rasa wa za ta gaskata, ta aiko da gargaɗi.

Mafi yawan jiragen da ke hannun mutane ƙirar kamfanin DJI ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda Frank Wang ya kafa cikin 2006. Saƙonninsa da Turanci su ke zuwa wa mutanen nan, kuma Turancin injiniyoyi, wanda ko mai takardar sakandare sai ya tsaya ya yi tunani. Amma launi kaɗai ya isa ya ba da haske. Rawaya na nufin a yi hattara, ja kuwa na nufin kada a tashi, in kuma an riga an tashi a sauko.

Kamfas da ƙarfe

Gargaɗin da ya fi damun masu jirage shi ne na kamfas, kuma a ƙasar Kafanchan dalilinsa a fili ya ke. Garin nan garin dogo ne. Tun wajen 1927 ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal ya nufi Kaduna da wanda ya hau Jos, kuma layin Kaduna ɗin ta Zonkwa ya ratsa. Ko da ya ke zirga-zirgar jirgin ƙasa ta ja baya ƙwarai, ƙarafan suna nan kwance, ga tsofaffin taragai, ga gadoji. Filin da ke gefen dogo ya kan yi kyan tashin jirgi a ido, domin babu itatuwa, amma ga kamfas babu wurin da ya fi shi muni. Ƙarfin maganaɗisun duniya da kamfas ke aunawa ba shi da yawa, ɗan ƙarfe kaɗan ya isa ya karkatar da shi.

Ba dogo kaɗai ba. Saman mota, dakalin kankare mai rodi a ciki, rufin kwano, murfin kwalbati, janareto, duk haka su ke yi. Ƙasa mai marmara ma, wadda ke da ƙarfe a jikinta, wani lokaci ta kan taɓa shi in an ajiye jirgin a kanta. A wurin biki kuwa babban maƙiyinsa shi ne manyan sifikokin makaɗa, domin kowace akwai ƙaton mayen ƙarfe a bayanta. Mai ɗaukar hoton da ya jingina jakar jirginsa da sifika tun safe, kada ya yi mamakin abin da zai gani da la'asar.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da ya fi na farkon. Da manhaja ta ce kamfas ya rikice, sai su shiga daidaita shi nan take, a daidai wurin da ya rikitar da shi. Sakamakon haka shi ne jirgin ya haddace ƙaryar da ƙarfen ya gaya masa a matsayin gaskiya. A ƙasa komi zai nuna kore. Da ya tashi ya yi nisa da ƙarfen, sai kamfas ya ce arewa na nan, taurari su ce a'a tana can. Alamar wannan ita ce jirgin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ya riƙa kewaye yana faɗaɗa da'ira kamar shirwa ta ga 'yan tsaki. Wanda ya ga haka ya sauko da shi tun da'irar ba ta kai ga bishiya ko kan jama'a ba.

Maganin kuwa ba ya cin ko kwabo. A kashe jirgin, a ɗauke shi a yi taku ashirin ko talatin zuwa fili mai ciyawa, a sake kunnawa. Sau da yawa gargaɗin ya tafi ke nan. In bai tafi ba, to, sa'an nan ne za a daidaita, bayan mutum ya cire agogo da makullai daga jikinsa: a riƙe jirgin a kwance a juya da shi sau ɗaya cikakke, a tsayar da shi a sake juyawa, kamar yadda hoton da ke fuskar wayar zai nuna. Shi kuwa ma'aunin karkata, daidaita shi aikin cikin ɗaki ne, a kan tebur madaidaici, jirgin kuma ya huce sarai. Ba a yawan bukatarsa sai in jirgin ya sha faɗuwa ko ya sha jijjiga a bayan babur.

Haƙurin jiran taurari

Na biyu shi ne saƙon da ke cewa siginar taurari ta yi rauni. Bayan an kunna jirgi ya kan ɗauki ɗan lokaci kafin ya kama taurarin da za su ishe shi, galibi goma ko fiye, sa'an nan ya sanar cewa ya rubuta wurin da ya tashi a matsayin gida. Wannan sanarwa ita ce mafi muhimmanci cikin duk abin da ya ke faɗa. Domin in sadarwa ta yanke tsakaninsa da rimot, ko batir ya yi ƙasa, can ne zai komo da kansa. Mai gaggawar da ya tashi kafin sanarwar, jirginsa zai rubuta gida ne a duk inda ya kama taurarin, ko da a bisa rafi ne.

A ƙarƙashin inuwar mangwaro, ko a gindin dutsen Kagoro, ko a ƙasan kwazazzabon Matsirga inda duwatsu suka tare rabin sama, taurarin ba su samuwa da sauƙi. In suka ɓace jirgin na sama, ya kan koma wani hali inda zai riƙe tsawonsa kawai, amma ba zai riƙe wurinsa ba, iska ta yi ta jansa. Wanda bai taɓa koyon tuƙi cikin wannan hali ba sai ya ɗauka jirgin ya haukace. Bai haukace ba, jagora ya rasa, dole mai rimot ya karɓi aikin da hannunsa.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Nijeriya tana cikin yankin da masana sararin sama suka daɗe da lura cewa bayan faɗuwar rana iskar can ƙololuwa ta kan dama siginar taurari, musamman wajen Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba. Saboda haka jirgin da ya yi aiki sumul da rana yana iya yin gardama bayan magariba ba tare da komi ya same shi ba. Ga shi kuma idanunsa na ƙasa ba su gani cikin duhu. Hoton fitilun biki da dare yana da kyau, amma a sani a lokacin ne jirgin ya fi ƙarancin abin dogara.

Wajen komowa gida, mai jirgi ne ke sa masa tsawon da zai hau kafin ya miƙe hanya. Ƙasar Bajju ba irin filin Katsina ba ce. Akwai tuddai, akwai dogayen itatuwa, ga turakun sadarwa na kamfanonin waya. In an bar masa mita 30 alhali akwai turke mai mita 50 a tsakani, ƙananan jiragen da ba su da ido a gaba kai tsaye za su nufe shi.

Iska, zafi da ƙura

Gargaɗin iska mai ƙarfi shi ne wanda aka fi rainawa, domin mutum na tsaye a ƙasa ko rigarsa ba ta motsi. Amma iskar da ke mita 100 a sama dabam ta ke da ta ƙasa. Jirgin Mavic Mini na 2019, mai nauyin giram 249, iskar da zai iya jurewa ba ta wuce gudun kilomita 29 a awa ba, Mini 2 da ya biyo shi a 2020 kuwa wajen 38. Iskar da ke gabatar hadari a farkon damina, cikin Afrilu da Mayu, ta kan zarce wannan nesa ba kusa ba, kuma ba ta sallama. Da an ga gabas ta haɗa, a sauko. Dabarar masu gwaninta ita ce su fita suna fuskantar iska, su komo tana tura su. Wanda ya yi akasin haka zai ga jirginsa ya tafi kamar kibiya, amma wajen dawowa batir ya ƙare a hanya. In iska ta rinjaye shi, a rage tsawo, domin a ƙasa ta fi sauƙi.

Batir kuwa shi ne ran jirgin, shi ne kuma ya fi shan wahala a hannun mutane. An yi shi ne da ɗakuna biyu ko uku ko huɗu, kowane ɗaki in ya cika yana ɗauke da bolt huɗu da 'yan kai. In manhaja ta ce ɗakunan sun bambanta da juna, wannan ba gargaɗin da a ke dannewa ba ne, domin ɗaki ɗaya mai rauni na iya kashe jirgin a sama ko da fuskar waya na nuna saura rabi. Zafi ne ke kawo haka. Cikin Maris zafin rana a Kafanchan ya kan kai digiri 35 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka ainun, alhali kamfanin ya ce kada a yi cajin batir in zafinsa ya wuce digiri 40. Wanda ya sauko da jirgi ya cire batir da zafinsa ya danna a caji, yana rage masa kwana ne. Haka wanda ke caji kai tsaye daga ƙaramin janareto mai hawa da sauka. Batirin da ya kumbura, ko kaɗan ne, ya gama aiki. Kada a huda shi, kada a kwana da shi ƙarƙashin katifa, domin wutar irinsa ba ta kasuwa da sauƙi. Amma in an ajiye batir cike aka dawo bayan kwanaki aka tarar ya ragu, yana kuma da ɗan ɗumi, wannan ba ciwo ba ne. Da gangan ya ke rage kansa zuwa wajen kashi 60 cikin ɗari, domin zama a cike na lalata shi.

Da hunturu kuma sai ƙura. Saƙon da ke cewa mariƙin kyamara ya yi nauyi, ko injin farfela ya cije, mafarinsa sau da yawa yashi ne, in ba mantuwa aka yi ba a cire murfin kyamara ba, abin da ke faruwa ga kowa. Injinan nan akwai maganaɗisu a cikinsu, suna tsince ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ƙasa. Ɗan faifai ko kwali da za a shimfiɗa jirgin ya tashi a kai ya sauka a kai ya fi duk wani gyara araha.

Sabunta manhaja

Yanzu sai babbar magana, wadda samari ke kira abdet. Jirgin yana da manhajarsa ta ciki, rimot na da tasa, kowane batir na da tasa, ga kuma wadda ke kan waya. Huɗun nan dole su yi daidai da juna. Lokaci lokaci kamfani ya kan fito da sabuwa, saƙo ya bayyana yana neman a sauke. A nan masu jirage suka rabu biyu. Wasu da sun gani sai su danna ko a tsakiyar fili su ke. Wasu kuma sun rantse ba za su taɓa ba, wai abin da ke aiki ba a tona shi. Tarihin abin ya nuna kowane ɓangare na da hujja, kuma kowane na da asara.

Ran 26 ga Janairu 2015 wani jirgi ƙirar Phantom ya faɗa cikin harabar fadar shugaban Amurka a Washinton. Nan da nan kamfanin DJI ya fito da sabuwar manhaja da ta hana jiragensa tashi cikin kewayen kilomita 25 daga tsakiyar birnin. Ba a yi kwanaki da yawa ba sai ya janye ta, saboda rahoton cewa tana sa wasu jirage yin abin da ba a umurce su ba. Wannan hujjar masu jinkiri ce. Amma cikin 2017, bayan ƙorafin cewa ƙaramin jirgin nan Spark yana mutuwa a sama ya faɗo, kamfanin ya fito da gyaran da ya shafi batir, ya kuma sanar cewa duk jirgin da ba a sabunta ba kafin 1 ga Satumba ba zai ƙara tashi ba. Wanda ya ƙi wannan, ko dai jirginsa ya faɗo ko ya zauna a ƙasa. A farkon Janairu 2020 kuma jiragen Karma na kamfanin GoPro suka ƙi tashi a ƙasashe da yawa a lokaci guda, suna kukan kamfas da taurari, alhali babu abin da ya same su a jiki. Laifin na cikin manhaja ne, sai da kamfanin ya aiko da gyara, ko da ya ke ya daina ƙera su tun 2018.

Abin da hankali zai ɗauka shi ne a sabunta, amma mai jirgi ne zai zaɓi rana, ba saƙo ba. Ranar aiki ba ranar sabuntawa ba ce. Wanda aka ba kuɗin ɗaukar bikin Asabar ya kunna kayansa tun Laraba a gida, inda ya san sabis na da ƙarfi. Manhajar ta kan kai megabait ɗaruruwa, kuma a ƙauyukan da ke kewaye da Fadan Kaje ba ko'ina intanet ke tsayawa ba. Yankewar intanet lokacin saukewa ba ta da haɗari, sakewa kawai za a yi. Haɗarin yana lokacin da manhajar ke shiga cikin jirgin. A cika batirin jirgi da na rimot da na waya fiye da rabi, a cire murfin kyamara, a ajiye shi inda iska ke ratsawa domin ya kan yi zafi in yana zaune. Fitilunsa za su yi ta ƙyaftawa, kyamara ta saki jiki, ya mutu ya sake kunna kansa. Duk wannan daidai ne, ya kan ɗauki minti goma ko fiye. Wanda ya tsorata ya zare batir a wannan lokaci shi ne ke mayar da jirgi kamar dutse. Ko hakan ta faru ba a fid da rai ba, domin akwai manhajar kwamfuta mai suna DJI Assistant 2 wadda a ke haɗa jirgin da ita ta waya a sake zuba masa daga farko.

Bayan an gama, a sa kowane batir ɗaya bayan ɗaya a kunna, domin kowane ya karɓi rabonsa. Rashin yin haka ne ke kawo saƙon nan mai cewa manhajoji sun saɓa, a daidai lokacin da aka canja batir ango na shigowa. Sa'an nan a duba tsawon komowa gida da sauran abubuwan da aka saita, domin sabuntawa ta kan mayar da wasu yadda suka fito daga kamfani. A ƙarshe a kai shi filin makaranta da babu kowa, a tsayar da shi a tsawon mutum biyu na minti ɗaya ko biyu, a ga ko ya natsu.

Wani lokaci kuma laifin na waya ne. Manhajar DJI Fly ta wayoyin Android ba ta cikin kantin Google Play, daga shafin kamfanin a ke sauko da ita, saboda haka masu kama da ita da a ke gani a kantin ba ita ba ce. Tana kuma bukatar waya mai ƙarfi, yawancin ƙananan wayoyi masu araha ba su ɗaukarta, ko su ɗauka su riƙa daskarewa in sun yi zafi. In hoto ya tsaya a fuskar waya, jirgin bai tsaya ba, rimot na nan na aiki, akwai kuma maɓallin kiransa gida a jikinsa.

Masu sayen na hannu, su kuma ga tasu. Tun 2017 kamfanin ya sa ƙa'idar cewa jirgin da ba a shiga asusu da shi ba, ba zai wuce mita 30 a sama da mita 50 a nesa ba. Mutum sai ya yi ta neman gyara alhali rajista ce bai yi ba. Bugu da ƙari, sababbin jirage a kan ɗaure su da asusun mai su na farko. Kafin a biya kuɗi, a sa mai sayarwa ya kwance shi daga asusunsa a gaban ido, a kuma duba sau nawa aka yi cajin kowane batir, domin manhaja na nunawa.

Abin da fuskar waya ba ta faɗa

Da can jiragen DJI su kan ƙi tashi da kansu a kusa da filayen jirgin sama da wasu wurare masu tsaro. Kamfanin ya fara sassauta wannan a Turai cikin 2024, a Amurka kuma ran 13 ga Janairu 2025, inda ya mayar da hanin ya zama gargaɗi kawai, ya bar nauyin a wuyan mai jirgi. Ko da can ma taswirarsa ba ta san kowane bariki da kowane shingen soja na ƙasar nan ba. Saboda haka don jirgi ya yarda ya tashi, ba shi ne doka ta yarda ba.

Cikin Mayu 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta ba da sanarwar cewa babu wanda zai tashi jirgi marar matuƙi sai da izninta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. A dokokinta na 2023 ta keɓe wa irin waɗannan jirage sashe na 21 sukutum. A Janairu 2025 kuma rundunar da ke yaƙi a Arewa maso Gabas ta hana tashinsu a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, bayan da 'yan ta'adda suka fara ɗaura wa irin waɗannan ƙananan jirage abin fashewa. Kudancin Kaduna ba ya cikin wannan hani, amma yanki ne da ya sha tashin hankali, sojoji da 'yan sanda na ko'ina, ga makarantar manyan bindigogi ta soja a Kachia, ga gidan gyaran hali a Kafanchan. Jami'in da ya ga abu na shawagi bisa shingensa ba zai tsaya tambayar ko na biki ne ba.

Jama'ar gari ma haka. Mutanen Jihar Kaduna sun ga fuska biyu ta jirgi marar matuƙi. Sun ga na kamfanin Zipline da ya fara kai magunguna asibitoci daga Pambeguwa cikin 2022. Sun kuma ji abin da ya auku a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, daren 3 ga Disamba 2023, sa'ad da jirgin soja ya jefa bam bisa masu Mauludi bisa kuskure, aka binne mutum 85 ta ƙidayar hukumar ba da agajin gaggawa. Waɗancan manyan jirage ne, ba su da haɗi da na ɗaukar hoto, amma tsohuwar da ke cirar ciyawa a gonar citta ba ta da hanyar bambancewa. A ƙauyen da aka taɓa kai wa hari da dare, abin da ya zo yana leƙen gidaje daga sama ɗan leƙen asiri ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma mai rimot ɗin da aka tarar a bayan gari shi zai amsa tambaya.

Don haka masu aikin da suka san ƙasar ba su kunna jirgi a baƙon wuri sai sun gai da mai unguwa ko dagaci sun faɗi abin da ya kawo su, in taron babba ne su sanar da ofishin 'yan sanda, su kuma sa mai sanarwa ya gaya wa jama'a ta lasifika cewa abin da za su gani na masu biki ne. Ba su wuce mita 120 a sama, ba su barin jirgin ya ɓace wa idonsu, ba su kuma tsayar da shi daidai kan mutane, sai daga gefe, ta yadda in batir ya ci amana a kan ciyawa zai faɗi.